Shekarar da Baba Ya Koma Sahun Baya

Kun taso kuna jin cewa kakanku ya bar limancin unguwarmu ne saboda muryarsa ta dushe. Muryar kakanku ba ta dushe ba har ranar da ya cika. In ya yi gyaran murya a zaure, awakin maƙwabta ma sukan nutsu. Waɗansunku kuma sun ji wata ruwayar, wai ni ubanku na taɓa shiga hannun 'yan mishan, sai da aka sha addu'a na dawo. Ita ma ba haka take ba. Tun da duk waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, in ban da ni da yayarku Dije, bari in shimfiɗa muku yadda aka yi, kada ku gaji ruwaya biyu alhali babu sahihiya a ciki.

A lokacin, yaƙin Turawa na farko bai daɗe da ƙarewa ba, Tudun Wada kuwa ba ta wuce 'yan gidajen ƙasa da gonaki ba. Mazaunanta baƙi ne, Kanawa da Katsinawa da Nufawa da Barebari, waɗanda jirgin ƙasa da aikin Bature suka jawo, birni kuma ya ce su zauna daga waje. Baƙo ya fi ɗan gari bukatar liman, domin ba shi da dangin da za su raɗa wa ɗansa suna ko su tsaya a kan gawarsa. Saboda haka Baba, wato kakanku, wanda ya zo daga ƙasar Katsina da littattafansa a kan jaki, ya zama uban kowa. Masallacin ƙarami ne, na ƙasa, amma shi ne duk abin da Baba ya gina a duniya. Da aka nemi 'ya'yan manya don makarantar boko ta gwamnati, sai ya ba da ni kamar mai ba da haƙori, yana juya fuska. Amma game da 'yan mishan, waɗanda a lokacin suke da ɗakin shan magani a cikin birni, bai yi sassauci ba. Ɗan wani Banufe maɗinki ya je can da gyambo a ƙafa, ya warke, ya dawo da sabon suna. Baba ya tashi bayan sallar la'asar ya gaya wa jama'a cewa muddin yana numfashi ƙafar ɗan gidansa ba za ta taka wurin ba, gara mutum ya mutu da sunan da aka raɗa masa. Ina sahun farko ranar, na kuma ce amin da ƙarfi kamar kowa.

Shekarar da nake ba ku labari na riga na zama ƙaramin malami, ina shirin jarrabawar ƙarin girma. Wani Bature da muke kira Mai Lofe yakan tara mu bayan an tashi yara, ya koya mana darasin da ya sa wa suna Sanin Duniya. Duniyar, da muka duba, ashe ta tsaya ne tsakanin Ingila da Italiya, da ɗan ratse zuwa ƙasar Girkawa. Mun haddace hanyoyin Rumawa da sarakunan Ingila. Mun san ƙabilun Kiristoci da abin da ya raba su. Ya nuna mana hotunan zane-zanen mutanen Italiya, ya bayyana mana cewa duk wanda muka ga an yi wa zoben haske rawaya a bayan kai, to, waliyyi ne a wurinsu, ko mala'ika, ko wanda ya riga ya isa can. Ni kuwa da yamma, in an idar da magariba, sai in zauna a tsakar gida in sauke wa mutanen gida abin da aka ɗora mini. Da na ba su labarin sarkin da ya canza wa ƙasarsa duka ɗariƙa don Paparoma ya hana shi sakin matarsa, Baba ya tambaya ko ƙasar ba ta da alƙali ne. Da na ba su na mai zanen da ya yi shekaru a kan tsani, wuya a karye, yana zane a rufin ɗakin ibada, Inna, wato kakarku, ta tambaya ko ba shi da mai yi masa faɗa. Labarin da ya fi kama su shi ne na wani tsohon malamin Girkawa da mutanen garinsu suka yanke wa hukuncin shan ruwan wani tsiro. Ya sha yana hira da almajiransa, sanyi ya kama shi daga tafin ƙafa yana hawa sama, har ya iso ƙirji. Baba ya ce a sake, na sake.

Mai Lofe mutum ne mai son lambu, don haka tsirran lambu ma suka shiga Sanin Duniya. A nan ne hankalinmu ya fi wahala. Rumawa dai mutane ne, sun yi yaƙi sun mutu, mun gane. Amma a ce mutum ya haƙa ƙasa, ya zuba taki, ya yi ta jigilar ruwa, don abin da ba a ci, ba a sha, ba a rini da shi, ba a ba dabba, sai dai a tsaya a kalle shi, wannan ya fi ƙarfin malamai shida masu shirin ƙarin girma. A gidanmu kowane tsiro yana da aikinsa kamar kowane ɗa. Zogale na miya ne, lalle na ƙunshi, rama ta kwaɗo da igiya, ko ƙayar da ke kan katanga gadi take yi. Don ya fahimtar da mu, sai ya yanko wa kowannenmu reshe daga wani tsiro da ke ƙofar gidansa, mai siraran ganye dogaye kamar bakin wuƙa da fure ja-ja mai ƙamshi, wanda yake kira oliyanda. Ya ce mu dasa, mu koyi kallo. Ya kuma gargaɗe mu cewa guba ne daga saiwa har fure, ya ƙara da wani labari da ya ce ana bayarwa a ƙasarsu, na waɗansu sojoji da suka tsire nama da itacensa suka gasa, gari bai waye musu ba.

Na dasa nawa kusa da rijiya, ya kama, damina na sauka ya yi fure. Gargaɗin kuwa na isar da shi, kada ku ce ban isar ba. Amma na isar da shi ne a inda nake isar da komai, a tsakar gida bayan magariba, tsakanin Paparoma da tsohon Girkawa, da irin muryar da nake ba da labarinsu. Inna ta saurara sosai. Ta tambaya ko sojojin ƙarfafa ne, na ce ƙarfafa ne. Ta tambaya wa ke ba tsiron ruwa a gidan Bature, na ce shi da kansa, kowace safiya, ba ya yarda wani ya taɓa.

"Ka taɓa ganin sa kwance da masassara?"

Na ce ban taɓa ba. Ta gyaɗa kai, ni kuma na yi murna cewa darasi ya shiga.

Ba na son ɗayanku ya karanta wannan ya ɗauki kakarsa wawuya. Inna ce mai magani a unguwar. Rabin yaran Tudun Wada na lokacin sun tashi ne da ɗacin jiƙonta a baki. Iliminta ya gaya mata cewa magani mai ƙarfi ɗan'uwan guba ne, awo ne kawai ya raba su, kuma ba mahalukin da zai yi wa tsiro hidima kullum in ba yana cin moriyarsa a ɓoye ba. Da ta ji Bature ya ce ado ne kawai, sai ta gane abin da kowane mai magani zai gane, wato rowar asiri. Bayan shekaru Turawan nan suka cika gari da darbejiya, suka ce don inuwa ce, mutane suka dafa ganyenta suka sha, ba wanda ya kira su wawaye. Lissafin Inna daidai yake a kan kowane tsiro da ta taɓa sani. A kan wannan ɗaya ne ya faɗi.

Akwai kuma abin da ku 'yan yanzu sai an fassara muku. Dije ce 'yarmu ta fari, kuma a lokacinmu iyaye kunyar ɗan fari suke yi. Tun da aka yaye ta ta koma ɗakin Inna. Ni da mahaifiyarku ba mu ɗaukar ta, ba mu yi mata wasa a gaban mutane, ba ma kiran sunanta. In dole ta kama, sai in ce yarinyar nan. Ta kai shekara huɗu ko biyar ban taɓa ɗora ta a cinya ba. Cinta da shanta da ciwonta duk na Inna ne, kuma uwar da ta tsoma baki a ciwon 'yar fari ta nuna rashin tarbiyyar da za a riƙa tuna mata har jikokinta.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kama yarinyar. Inna ta ba ta maɗaci, ta yi mata surace, Baba ya yi rubutu ta sha. Zazzaɓin ya sauka ya dawo, ya sauka ya dawo. Ranar wata Juma'a na dawo daga makaranta da hantsi, na iske mahaifiyarku a bakin rijiya tana jan ruwa, alhali randunan duk a cike suke. Ba ta dube ni ba. Ta dubi guga ta ce, kamar da shi take magana, furen nan dai an rage masa ganye yau da safe. Na juya na duba. Reshe biyu a tsige suke tas, farin ruwansa ya bushe a inda aka tsinka. A kan murhu akwai ƙaramar tukunyar Inna ta magani, da sauran ganye a ciki sun dahu sun yi baƙi. Mahaifiyarku ta ga lokacin da aka tsinka, ta ga lokacin da aka dafa, ta ga lokacin da aka ɗura, tana tsaye da tsintsiya a hannu. Ta tuna da sojojin sarai. Ta shaida mini daga baya cewa ta buɗe baki, sai ta rasa da wace kalma za ta fara, tun da ko sunan yarinyar ba ta da ikon faɗa.

Na shiga ɗakin Inna ba sallama, karo na farko a rayuwata. Yarinyar tana kwance a tabarma, ta yi amai har ba sauran abin amayarwa. Inna na zaune tana yi mata fifita, fuskarta a sake, ta ce in taɓa in ji, zazzaɓin ya gudu, jiki ya yi sanyi. Na taɓa ƙafar. Sanyi ne irin na randa. Na taɓa gwiwa, ita ma haka. Ni da na ba da labarin tsohon Girkawa sau biyu a tsakar gidan nan, na san ta ina sanyi ke farawa, na san inda yake tsayawa. Na ɗora hannu a ƙirjinta. Zuciyar tana bugawa kamar mai daka da ta gaji, ta ɗaga taɓarya ta manta da saukewa, sai ka fid da rai sannan ta sauke. Na tambayi Inna ganye nawa. Ta ce kaɗan, ai ta san ba soja ba ce. Sannan ta dubi fuskata, mafici ya tsaya a hannunta.

Asibitin bariki na Turawa ne da sojojinsu da manyan ma'aikata, ban ga ta inda ɗan ƙaramin malami zai shiga da yarinya ranar Juma'a ba. Wuri ɗaya na sani da ake buɗe wa kowa ƙofa. Na sunkuya na ɗauki 'yata. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, domin ban san ko haka take dama ba. Ban taɓa ɗaukar ta ba balle in kwatanta.

Baba na zaure ya sa rigar Juma'a, yana naɗa rawani, yana tsaye daidai ƙofar fita. Ya dubi abin da ke hannuna, ya dubi fuskata, bai tambayi inda za ni ba. Ya ce in ajiye ta, zai yi rubutu yanzu. Na ce guba ce ta sha, na gaya masa wace iri, na ce in an jira a sauko Juma'a ban san abin da za a tarar ba.

"Ka ji abin da na faɗa a gaban jama'a."

"Na ji, Baba. Na ce amin."

Ina jin numfashin yarinyar a wuyana, ina jiran kowane ɗaya kamar ba zai zo ba. Sai Baba ya juya ya fuskanci bango, ya ci gaba da naɗin rawaninsa, kuma cikin juyawar ya matsa daga bakin ƙofa.

Ku tuna ranar Juma'a ce. Duk mazan Tudun Wada suna kan hanyar Ƙofar Doka za su masallacin birni, da fararen riguna da buzaye a kafaɗa. A cikinsu na ratsa, ɗan liman, ba hula, rungume da 'yar fari a ƙirji kamar mai raino. Wannan kaɗai ya isa abin magana na shekara. Ana yi mini sannu ina wucewa, ana tambaya lafiya ba na amsawa. Waɗansu suka ɗauka wurin wani malami za ni, suka ɗaga ƙafa suna bi na a baya don su taimaka. Suna biye har inda hanya ta rabu, masallaci ta nan, gidan 'yan mishan ta can. Da na karkata, sai na ji takun da ke bayana ya tsaya cak. Ban waiwaya ba. Na san fuskokin duka ba sai na gani ba.

Likitan ya fita ƙauye ranar. Wanda na tarar shi ne malamin asibitin, Malam Iliya, Bazazzagi ne haifaffen birni, ɗan gidan malamai da ya bi addinin mishan tun yana saurayi, mutumin da Baba ke kawo misali da shi in yana wa'azi. Ya san ni sarai. Ya fara cewa yau ɗan liman ne da rana tsaka, sai idonsa ya sauka a kan yarinyar, bai ƙarasa ba. Na faɗa masa sunan tsiron da Turanci, na faɗi yadda aka dafa shi da lokacin da aka ɗura mata, tsaf kamar ina gaban Mai Lofe. Ya kama wuyan hannunta da yatsu biyu yana ƙirga bugun. Sannan ya daka gawayi ya dama ya ɗura mata, ya yi mata allura, ya lulluɓe ta da barguna. Ya ce abin da yake da shi ke nan, saura na Allah ne, kuma kada a bar ta ta yi barci mai nauyi.

Yanzu ku ga amfanin ilimi. Jahili da ya shiga ɗakin nan tsoro ɗaya zai ji, na mutuwa. Ni na shiga da biyu, domin a darasin ƙabilun Kiristoci an koya mana cewa waɗansunsu, in sun ga yaro zai cika, sukan yi sauri su zuba masa ruwa a ka don ya tafi a nasu. Na kasa tuna ko su Malam Iliya na cikin masu yin haka. Na ci wannan tambaya a gwaji, amma a ɗakin nan ta ɓace mini. Saboda haka da na ga ya taho da kwano da ruwa ya nufi goshinta, sai na cafke hannunsa har ruwan ya zube mana a riga. Ya dube ni, bai fizge ba.

"Malam, bakinta zan goge, duk gawayi ne. Wancan da kake tsoro ba ma yin sa da sata. In ka fi so, riƙe tsumman ka goge da kanka."

Na karɓa na goge. Idonta na ta lumshewa, ya ce in kira ta, muryarsa baƙuwa ce gare ta, tawa za ta fi ji. Na ce ke, ke yarinya. Ya tambayi sunanta. Na buɗe baki na rufe.

"Sunan 'yarka nake tambaya, Malam, ba na surukarka ba. Kira ta, tana tafiya."

Na kira. Na ce Dije, muryata ta fito kamar ta aro. Na sake kira da ƙarfi. Ta buɗe ido a hankali ta dube ni, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da 'yar muryar da da kyar na ji:

"Baba, ashe ka san sunana."

Sai na ci gaba da kiran, kamar mai biyan sallolin da suka kuɓuce masa. Can sai ta ɗaga yatsa ta ce komai ya zama rawaya, wai ni da mutumin nan duk muna da zobe mai haske a kai. A bangon ɗakin akwai hoton wani makiyayi ɗauke da ɗan rago, da zoben nan a bayan kansa. Na dubi hoton na dubi 'yata, na zauna a ƙasa. Na san ma'anar zoben, an koya mini. Na ce a raina ta fara hango mutanen can ke nan. Malam Iliya ya ga halin da nake ciki, ya ce aikin gubar ne, takan rina ido, likita ya taɓa nuna masa a littafi. Ya ƙara da cewa shi dai da yana da wannan zobe da tuni uwargidansa ta lura, ita kuwa kullum akasin haka take shaida masa. Ban yi dariya ba sai bayan shekara guda.

Muka zauna, shi a dama ni a hagu. Ya koya mini yadda ake ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, muka riƙa karɓa-karɓa. Aka sauko Juma'a muna ji, aka kira la'asar muna ji. Bugun yakan yi kamar zai daidaita sai ya sake ɓacewa, kowace ɓacewa kuwa sai na ga kaina ina komawa Tudun Wada da ita a kafaɗa ta cikin mutanen nan, na karya maganar ubana, na kuma dawo da gawa. Rana ta kusa faɗuwa sai Malam Iliya ya saki hannunta, ya taɓa tafin ƙafarta, ya kamo hannuna ya ɗora a wurin. Da ɗumi.

Ta yi kwanaki a can. Baba bai zo ba. Amma kowace safiya Inna takan zo da rubutu a ƙwarya, ta tsaya a gindin wata bishiya nesa da ƙofa, ba ta shiga, ba ta tambaya, sai ta dubi fuskata ta karanta. Na ji tsoron Malam Iliya zai hana a ba ta, sai ya shinshina ya ce tawada ai toka ce da ƙaro, nasa maganin ma gawayi ne, a ba ta. Inna kuwa daga shekarar nan ba ta sake dafa wa kowa magani ba. Mata na zuwa da yara tana cewa ta manta.

Ranar da muka dawo gida dattawan unguwa suka zo zaure. Ina daga ciki ina ji. Sun zo da ladabi, har da mafita a hannu. Suka ce wa Baba sun san bai ga fitar yaron ba, ƙuruciya ce da boko. Abin da suke so kawai ya tashi a masallaci ya barranta da abin da ɗansa ya yi, ya kuma fitar da shi daga gidan ko na ɗan lokaci, don kada gobe kowa ya kwashi iyalinsa ya nufi can yana cewa ai gidan liman ma sun je. Maganarsu ba ta banza ba ce, Baba ma ya san haka, tun da shi ya koya musu ita. Da ya ce bai gani ba, da an wuce wurin, kuma bango shaida ne cewa fuskarsa na kallon sa. Sai Baba ya ce:

"Na gan shi. Ina tsaye a ƙofa, ni na matsa masa. Abin da na faɗa muku a masallaci ban janye ba, amma na kasa cika shi a gidana. Wanda ya kasa abin da ya umarta bai kamata ya tsaya a gabanku ba. Ku nemi wani."

Suka nema, suka samu, wani almajirinsa ne ma. Da asubar farko Baba ya shiga masallacin da ya gina da hannunsa, ya wuce sahun farko da na biyu, ya je sahun baya inda ba wanda ke son tsayawa kusa da ni, ya tsaya kafaɗarsa na gogar tawa. A nan ya yi salla har ƙarshen ransa. Sunaye da ɗaurin aure suka koma wani zauren, namu ya yi shiru, ya rage daga shi sai littattafansa. Bai taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin halin ba shi haƙuri, ya ce daga baya an fi jin kurakuran liman, yanzu ya gane abin da mutane suka daɗe suna haƙuri da shi. Bai kuma taɓa sassauta ra'ayinsa game da 'yan mishan ba, ko da yake kowace babbar salla cinyar ragonsa takan bi hanyar birni, ba a faɗin gidan da za ta.

Tsiron kuwa Inna ta so a ƙone, na ce hayaƙinsa ma guba ne. Wannan karon da na faɗa, tsaye nake, da rana, kuma kowa ya ji shi a matsayin gargaɗi. Baba ya naɗe hannu da tsumma ya tumɓuke shi, ya kai bayan gari ya binne da zurfi. Jarrabawa ta zo na ci. A ciki har an tambaye mu amfanin oliyanda, na rubuta cewa ado ne kawai, aka ba ni maki cikakke.

Abu ɗaya Baba ya karɓa daga gidan da ya haramta. Ya sa na nuna masa yadda ake ɗora yatsu biyun nan. Tun daga lokacin, kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya kira Dije, shi da yake kaka ba kunya tsakaninsu, ya ce matar, kawo hannu in ji ko kina nan. Ya kama wuyan hannunta, leɓensa na motsi kamar mai jan carbi, sannan ya sake ta. Haka ya yi ta yi har aka kai ta ɗakin miji. Da ciwon ajali ya kwantar da shi ita ta dawo ta yi jinyarsa, kuma ita ce a zaune kusa da shi a safiyar ƙarshe, da yatsunta biyu a wuyan hannunsa. Ni ina bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba da farko, ta dai daɗe tana jira, kamar yadda muka jira nata. Sannan ta ɗago ta dube ni, ni kuma na kira sunanta a gaban kowa.